Wandon da Yau-yau Ya Ƙi Ɗinkawa

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba mu aron wannan bawa nasa, kuma ya karɓi abinsa ranar da ya ga dama.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shugaban unguwa, ranka ya daɗe. Shugaban kasuwa da dattawan da ke tare da kai, sannunku da zuwa. Shugaban ƙungiyar teloli, da duk telan da ya rufe shago yau ya bar kayan mutane a kan tebur, sannunku. Yau kam idan kuka ce wa mai kaya ya dawo gobe, kuna da hujja. Yaya Babba, wan marigayi, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ina gaisuwa. Uwargida, matar abokina, Allah ya ba ki haƙuri. Malama, babbar 'yarsa, ke da ƙannenki da 'ya'yanku, Allah ya dafa muku. Jama'a maza da mata, salama a gare ku baki ɗaya.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran keken ɗinki a layin teloli. Bakanike ake ce mini. Shagona da na marigayi bango ɗaya ya raba, tun muna da baƙin gashi har muka yi furfura. Bangon kuma na katako ne. In ya yi tari ina ji, in na zuga wani a kan tsohon keke yana ji, sai ya buga bangon da almakashi.

Da aka zaɓe ni in yi magana, shugaban ƙungiyar teloli ya ja ni gefe ya ce, "Bakanike, mun san bakinka. Ka yi a hankali, mutane na cikin zafi." Na ce masa to. Shugaba, ka yafe mini, wannan to ɗin na ladabi ne kawai. Raina a ɓace yake, kuma ban zo nan in ɓoye ba.

Kun ga baƙar ledar nan da na ajiye a kan tebur? Wando ne a ciki, an yanka, ba a ɗinka ba. Mai shi yana zaune a cikinmu yanzu haka. Ciwon da ya kwantar da abokina shi ne a jikinsa. Shawarar da likita ta ba abokina ita ta ba shi, kuma maganar da ta hana abokina karɓa ita ce take hana shi. Marigayi ya riga ya gama da mu, ba ya buƙatar jawabina. Saboda mai wandon nan nake magana, don kada mu sake kafa rumfa irin wannan a kansa.

Amma bari in fara da mutumin da ya tara mu.

Ya kasance tela ɗaya tilo da na sani wanda alƙawarinsa ba ya kwana. Ku teloli kada ku harare ni, mun san juna. Shi in ya ce yau, to yau ɗin ce, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓata, kowa Yau-yau yake ce masa, har jikokinsa. In ya ga aiki zai fi ƙarfinsa, tun a bakin ƙofa zai ce maka, "Kai wa na gaba, ni hannuna a cike yake." Ya gwammace ya rasa ciniki da ya ce wa mutum dawo gobe. Kalmar nan ba ta cikin bakinsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Ya kasance alƙalin layinmu ba tare da kowa ya naɗa shi ba. In rigima ta tashi tsakanin tela da mai kaya, shi ake kira, ya zo da tef a wuya. Wasunku na nan ranar da wani babban mutum ya zo yana kumfar baki wai an tsuke masa riga, an cinye masa yadi. Yau-yau ya auna rigar, ya auna mutumin, ya duba tsohon awon da aka yi masa kafin ya je ya dawo daga hutu. Sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, rigar tana nan inda ka bar ta. Kai ne Allah ya buɗa wa." Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya kuma ba da sabon ɗinki.

Ya kasance wanda ba ya korar mai koyo don ya ɓata yadi. Rabin telolin da ke ƙarƙashin rumfar nan a kekensa suka fara karya allura. Ya kasance in masu sharar kasuwa suka zo da rigunan aikinsu a yage, sai ya zaunar da su ya ba su shayi, kafin su shanye ya gama faci. Ya kasance mai tsabta har ta yi yawa. Zare ɗaya ba ya kwana a ƙasan shagonsa, kuma ban taɓa shiga da hannun baƙin mai ba sai ya miƙo mini tsumma kafin ya amsa sallama.

Wannan mutumin mai tsabta, shi muka bari ya ƙare rayuwarsa yana jin warin kansa.

Yanzu zan faɗi abin da ba a faɗa a gaban mata da yara, kuma rashin faɗarsa ne ya kai mu nan. Kowane namiji yana da wani ɗan nama a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi. In shekaru suka ja, a wajen maza da yawa naman nan yakan kumbura ya matse hanyar. Shi ke nan ciwon. Ba zunubi ba ne, ba kuma asiri aka yi wa kowa ba. Yau-yau ya fara daɗewa a bayan gida, ya dawo ya zauna, kafin ya gama kalmasa ɗaya ya sake tashi. Ina tsokanarsa, "Ko ka buɗe reshe a can ne?" Sai ya ce, "Gyara kekenka." Har wata rana da azahar na ji keke ya tsaya, na ji nishi ta bango. Na same shi durƙushe ya rungume ƙafar tebur, mararsa ta yi tauri, gumi kamar an watsa masa ruwa. Hanyar ta toshe gaba ɗaya.

A asibiti aka sa masa roba, wato siririn bututun nan da ake zurawa har cikin mafitsara, fitsari ya riƙa zuba a jakar da ake ɗaurawa a ƙafa. Ba zan zagi roba ba. Ranar nan ita Allah ya sa ta cece shi, na ga yadda fuskarsa ta saki. Aka ce a yi masa aiki a rage naman, sai gwaji ya nuna zuciyarsa ba za ta ɗauki maganin barcin tiyata ba. Aka ce ya zauna da robar tukuna. Tukuna ɗin nan ta zama shekaru.

Kun san mene ne tela ya taka keke da bututu a jikinsa? Kowane taki sai ya ja shi. Ya rage shan ruwa don kada jakar ta cika a gaban mai kaya, ya daina shayin da yake so kamar ransa. Lokaci-lokaci sai a je a canza robar, ya dawo da zazzaɓi. Wani sa'in ta toshe, a sake gudu asibiti. Jikokinsa da suka saba hawa cinyarsa, sai ya riƙa tare su da hannu yana cewa ƙafarsa ke ciwo. Malam Liman, kai shaida ne, ka gaya masa lalura ce, sallarsa ta yi, ya tsaya a sahunsa. Allah ya saka maka. Amma mu fa? Wa ya matsa gefe? Wa ya toshe hanci da bakin riga yana yi kamar mura ce? Daga sahun farko ya koma na ƙarshe, daga nan ya koma bakin ƙofa wajen takalma, daga nan ya koma shimfiɗa darduma a bayan kekensa. Ba wanda ya kore shi da baki. Da ido muka kore shi.

Duk da haka bai zauna yana kuka ba. Ya kasance in abu ya dame shi, sai ya ɗauko alli da almakashi. Ya ɗinka wa kansa wando mai aljihu a ciki, daidai cinya, ya yi masa shafi da yadin lema don kada ya jiƙe, ya sa ɗan zif a ƙasa yadda zai zubar da jakar ba tare da ya tuɓe ba. Jakar ta daina lilo, bututun ya daina ja. Ban san yadda labari ya fita ba, sai ga dattawa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su tsaya suna duba yadi kamar masu saye, sai shago ya yi shiru su ce ƙasa-ƙasa, "Yau-yau, mai aljihu uku nake so." Shi kuwa ya ja labule ya auna. Bai taɓa faɗa mini sunan ko ɗaya ba, ni da muke cin abinci a kwano ɗaya. Ya rufa wa mazan unguwar nan asiri da zare da allura, wasu ma daga cikin waɗanda suka matsa masa a sahu.

To yanzu ga inda zuciyata take tafasa.

Ana cikin haka aka kawo wata sabuwar likita sashen masu ciwon mafitsara. Ta duba shi, ta yi gwaje-gwajenta, ta ce akwai wata hanya. Yaya Babba ne ya raka shi ranar, a matsayinsa na uba. Likitar ba ta jin Hausa, ɗakin a cike, layi har waje. Sai aka kira wani ma'aikaci da ke wucewa ya yi tafinta. Ta yi bayani mai tsawo, shi kuma ya dunƙule shi ya ce, "Ta ce za a sa masa ƙarfe a ciki, a bar shi a can." Ya wuce aikinsa.

Ƙarfe! Kalma ɗaya. Kafin la'asar ta zagaye majalisa. Wani ya ce, "Kumburi a cikin jiki? Ai daji ne." Wani ya karɓa, "Daji kuwa ba ya son ƙarfe. Ƙarfe na taɓa shi zai fashe ya bazu." Wa ya ce daji ne? An gwada, an ce ba shi ba ne. Amma majalisa ta riga ta yanke hukunci, mutanen da ko zafin jikinsa ba su taɓa ji da tafin hannu ba. Mai kwalabe ya zo da nasa jiƙon, mai gari ya zo da nasa garin, kowa ya zama likita a kan jikin da ba nasa ba.

Mutum ɗaya ce ta yi abin da ya kamata. Malama ta ɗauki izini daga makarantar da take koyarwa, ta koma asibiti, ta zauna a benci har likita ta sallami kowa, ta ce mata da Turanci, "Don Allah ki nuna mini ƙarfen nan da idona." Likita ta ɗauko shi a cikin ɗan akwati. Malama ta zo shagona ta ce, "Baba Bakanike, ka san ɗan sifirin ɗin nan na cikin biro? Kamarsa ne, ya ɗan fi shi kauri. Ko tsawon ɗan yatsana bai kai ba." Sitent ake ce masa. Ta hanyar fitsarin ake shigar da shi, ba yanka, ba maganin barci, sai dai a kashe zafin wurin. Ya zauna daidai inda naman ya matse, ya tokare hanyar ta tsaya a buɗe, mutum ya yi fitsarinsa da kansa. Ba bututu a waje, ba jaka a ƙafa. Likitar ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce ba kowa yake yi wa ba, sai wanda mafitsararsa ke da sauran ƙarfin turawa. Ta ce yakan goce daga wurinsa, yakan dami wasu, kuma in bai yi ba ana iya cire shi a koma roba. Ta ce mahaifinki a yanzu ya dace a gwada masa. A yanzu, ta ce. Ta maimaita.

Aka yi taron gida, ni ma aka bar ni na zauna a bakin ƙofa. Malama ta durƙusa ta fara bayani. Ba ta kai rabi ba aka katse ta. Yaya Babba, ka gafarce ni, girmanka na nan, amma kalmominka ne, ba zan canza su ba. Ka ce, "Ke! 'Ya mace, a bakinki ake jin maganar wandon ubanki? Ina kunya ta tafi?" Hawaye suka zubo mata. Na ce bari in sa baki, ka juyo ka ce, "Bakanike, kai da ƙarfe ai ba a raba ku. Wannan maganar jini ce." Ka rufe taro da cewa muddin kana numfashi ba za a sa wa ƙaninka ƙarfe ba.

Na san ƙauna ce ta sa ka faɗa. Tsoro ne, ba mugunta ba. Amma ina tambayar duk wanda ya gyaɗa kai ranar nan: duk sa'ad da zazzaɓin roba ya kayar da shi, kuka ɗauke shi aka yi masa allura, allurar da me aka yi ta? Da kara? Mutumin da allurar keke ta huda wa yatsa tun yana saurayi har ya tsufa, shi ne ƙarfe zai kashe? A cikin masu cewa kada a yarda, akwai wanda ke tafiya da ƙarfe a ƙashin ƙafarsa tun hatsarin mota, da shi ya tako ya zo taron. Ba wanda ya tuna.

Washegari na shiga shagonsa na ce, "Yau-yau, me ake ciki?" Ya ce, "Yaya ya ce a'a." Na ce, "Na ji abin da Yaya ya ce. Kai me ka ce?" Ya daɗe yana zura zare a allura, ya kasa. Sannan ya ce, "Ni ba a tambaye ni ba."

Ba a tambaye shi ba! Jikinsa ne, ciwonsa ne, shi ke ɗauke da jakar, shi ke sallah a bayan keke. Tafinta ya yi magana, majalisa ta yi magana, gida ya yi magana, mai ciwo yana zaune a tsakiya kamar yadin da ake ciniki. Shi kuma mutum ne da bai taɓa ɗaga ido ya kalli wansa ba, balle ya musa masa. Biyayyarsa muka ɗauka muka ɗaure shi da ita.

Malam Liman, na ga kana dubana. Ban ce ƙarfe yana hana mutuwa ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, ko da likitocin duniya sun kewaye gado. Ban ma ce lalle da an sa masa da ya yi masa aiki ba, Allah ne masani. Abin da nake cewa, an ba shi damar ya gwada komawa sahunsa, ya ɗora jikansa a cinya, ya sha shayinsa ya ƙoshi, mu muka karɓe damar daga hannunsa saboda kalmar da ba mu tsaya mun fahimta ba. Wannan kada mu jingina wa ƙaddara. Aikinmu ne.

Da wahala ta kai masa iya wuya, bayan shekaru, ya kira Malama ya ce ta raka shi, ba tare da sanin kowa ba. Likita ta sake gwaji. Ta ce mafitsarar ta riga ta saki, ko an buɗe hanyar ba ƙarfin da zai tura. Lokacin ya wuce. Malama ta ce mini a hanyar dawowa, da suka zo bakin layi, sai ya ce, "Ashe ni ma an yi mini dawo gobe, kuma ni na yarda." Daga nan zazzaɓi ya riƙa zuwa kusa-kusa, har na ƙarshe da ya shiga jini ya taɓa ƙoda.

Yanzu ledar nan. Ana saura kaɗan ya kwanta ciwon ƙarshe, wani dattijo ya shigo shagonsa ya nemi mai aljihu uku. Sabuwar roba ce a jikinsa. Ban ga fuskarsa ba, kuma murya in an yi ta ƙasa-ƙasa bangon katako ba ya kawo ta. Muryar Yau-yau kaɗai na ji, don ranar bai rage ta ba. Na ji ƙarar almakashi, ya yanka. Sai na ji ya ce, "Me likita ta ce maka?" Can sai ya ce, "Ƙarfe ko? Ka je ka zauna da ita ka ji da kunnenka?" Can na ji ya ajiye almakashi a kan tebur, ya ce, "Dawo gobe."

Jama'a, sukudireba ta faɗi daga hannuna. Washegari mutumin ya dawo. "Ka je?" Bai je ba. "Dawo gobe." Haka suka yi ta yi har abokina ya kwanta. A gadon asibiti ya ba ni makullin shago ya ce, "Bakanike, akwai wando a ƙarƙashin tebur. Kada wani tela ya taɓa shi sai mai shi ya je ya zauna da likita, da wanda zai fassara masa tsakani da Allah. In ta ce roba ce daidai da shi, a ɗinka masa, a yi masa shafi mai kyau. In ta ce akwai hanya, shi za a tambaya, ba wani ba." Na ce, "Na wane ne?" Ya ce, "Ragowar yadin rigarsa ne. In ka ga rigar ka ga mutumin."

Na ga rigar yau. Shi ya sa ledar take ɗaure, kuma a ɗaure za ta koma. Ba sai kowa ya duba ƙirjinsa ba, mai ita ya san kansa.

Ku teloli, wasiyya ce, kun ji ta da kunnenku. Duk wanda aka kawo wa ɗinkin aljihu uku, ya ɗinka, amma ya fara tambaya me likita ta ce. Ku masu aiki a asibiti da ke cikinmu, ku kai saƙo: bayanin da zai canza rayuwar mutum ba a ba ɗan wucewa ya dunƙule shi a kalma ɗaya. Ku 'yan majalisa, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ba a taɓa kama kowa a kan haka ba. Uwargida, ke kika wanke zannuwan nan shekara da shekaru, kika shanya su a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani, ba wanda ya ce miki sannu. Yau a madadin layinmu gaba ɗaya ina ce miki sannu, kuma ki yafe mana. Malama, ɗago kanki. Ba ke ce marar kunya ba. Ranar nan ke kaɗai ce a ɗakin kika san inda kunya take.

Kai kuma mai wando, ba ni da abin da zan ce maka sai abin da likita ta ce wa Malama: a yanzu. Mafitsara ba ta jira. Abokina ya ɓata sunan da ya yi rayuwarsa yana ginawa, ya ce maka dawo gobe, don kada ka...

Yaya Babba, zauna. Ba sai ka tashi ba. Wallahi ban kira sunan kowa ba.

Ku yi shiru, dattijo na magana. Na'am, Yaya?

Na baya ba su ji ba. Ya ce in kwance ledar.

Ka tabbata, Yaya? To. Ga shi. Ruwan toka mai siririn zane, irin na jikinka. Ga allin ƙaninka ma bai goge ba, ga inda ya zana aljihun.

Ya ce nasa ne. Ya ce kullum in ya zo, ƙaninsa yakan durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sannan ya miƙe ya ce masa dawo gobe. Ya ce a duk rayuwarsu wannan ne kaɗai abin da ƙanin nasa ya taɓa hana shi.

Malama, da ke yake. Matso kusa, muryarsa ba ta fita. Ya ce ke za ki raka shi, ke kika iya tambaya.

Ku ba shi kujera. Ku ba shi ruwa, kuma Yaya ka sha da yawa, ba wanda zai matsa daga kusa da kai a nan.

Shugaba, na gama faɗa. Na gode muku da kuka jure bakina, na gode wa iyali da suka bar bare ya yi maganar jini. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, amma kada ya manta abin da na ce.

Ya Allah, ga bawanka Yau-yau ya zo gare ka. Ya rufa wa bayinka asiri a duniya, ka rufa masa nasa a lahira. Ciwon da ya sha ka sa ya zama kankarar zunubi. Mun mayar da shi bakin ƙofa, kai ka shigar da shi sahun farko. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar matarsa, ka shirya zuriyarsa. Ka ba Yaya Babba lafiya, ka sa a tarar da sauran lokaci, shi da duk mai ɗauke da wannan ciwo a ɓoye. Mu kuma ka ba mu ƙarfin halin yin tambaya kafin mu hana. Amin.

Malam Liman zai rufe mana da addu'a. Malama, kafin ya shafa ki je ki juyo da mota. Likita tana ganin mutane har la'asar, kuma Yau-yau bai koya mana gobe ba.